Geron Takaba

Duk wanda ya taɓa cin tuwo da miyar kuka a Rijiyar Kanya ya ɗanɗani aikin hannun Hure, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Ita ce mai daddawar garin. Wajen kakarta ta koya tun tana yarinya, ta taho da sana'ar gidan miji kamar yadda wasu ke tahowa da kwalla da tasa. Ta dafa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta tsince, ta rufe da ganye har sai ta yi warin nan mai korar baƙo, mai jawo mai miya. Har daga Zakirai ana aiko saye. Mata sukan ce daddawar Hure halinta ta ɗauko, in ka matso kusa sai ka kau da kai, amma in babu ita miya lami ce. Ta san ana faɗa, ba ta kuma taɓa musawa ba.

Baki gare ta, wannan kowa ya shaida. Ba ta zagi, ba ta gulma, amma in abu ya tsaya mata a rai sai ta amayar da shi ko a gaban wa. Sai Allah cikin ikonsa ya haɗa ta da Abdulmumini, wanda gari ke kira Malam Mumini, mutumin da ko rigarsa ce ta kama da wuta zai ce a bari ya ƙarasa alwala. Ita tana tafasa, shi yana hucewa. Haka suka manyanta tare, suka aurar da 'ya'ya mata uku, suka binne maza biyu tun suna goye. Don haka gonar gidan ba ta da wani hannu sai nasa.

Gonar ma ba wata babba ba ce. A yankin nan ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, gona na jingine da gona, iyakar ɗan layin gamba ne, in ka yi atishawa a taka maƙwabci zai yi maka addu'a daga tasa. Amma Malam Mumini ya riƙe tasa da kyau, rani bai taɓa wucewa bai kai mata taki ba. Abin alfaharinsa a duniya biyu ne: rumbunsa bai taɓa ƙarewa kafin sabon gero ba, kuma matarsa ba ta san hanyar gona ba. Na biyun ya fi son faɗa a majalisa yana shafa gemu. A Rijiyar Kanya mace mai miji ba ta riƙe fartanya. In ka hango mace a sunkuye a gona, to mijinta ya rasu, ta fita takaba, ba ta kuma da ɗa namijin da zai tsaya mata. Hure kuwa, gonar da ke ciyar da ita tun tana amarya, a baki kawai ta san ta.

Da ruwan shuka ya sauka a daminar da muke magana, Malam Mumini ya wuni yana shuka, ya dawo kafaɗa ta riƙe. Bayan la'asar ya zauna a tabarma ya ce ta shafa masa man zafi. Yatsun Hure kuwa sun saba tsintar tsakuwa a cikin kalwa, ba sa wuce abin da ba wurinsa ba ne. Suna hawa wuyansa ta ɓangaren hagu, ƙasan muƙamuƙi, sai suka tsaya a kan wani ƙullutu kamar ƙwayar gurjiya.

"Malam, mene ne wannan?"

"Kaluluwa ce."

"Kaluluwar me? Ƙurji ya fito maka a ka? Ko haƙori ne?"

"Kaluluwa ai ba ta neman izini," in ji shi, ya janye wuyansa. "Shafa kafaɗar, ita na kawo miki."

Hure ta san kaluluwa, macen da ta yi goyo biyar ba za a koya mata ba. Kaluluwa tana zuwa da dalili, ko miki, ko haƙori, ko mura. Tana ciwo in an taɓa, tana gudu ƙarƙashin yatsa, in dalilin ya warke ita ma ta tafi. Wannan kuwa da ta danna bai ko motsa ido ba. Ga tauri, ga ta a kafe wuri ɗaya. Ta kuma san akwai ciwon da mutanen garin ba sa son kiran sunansa, sai dai su ce "ciwon nan" su yi ƙasa da murya. Ciwon daji. Shi ne ya ɗauke Shafi'i, yayan Malam Mumini, 'yan shekaru da suka wuce.

Daga ranar ta sa shi a gaba. Ya ce a bari a gama shuka. Aka gama shuka, ya ce ai ciyawa ta taso, a bari ya yi noman firi. Ta yi masa magana da safe, ta yi da rana, ta yi da lallashi, abin da ba ta iya ba, har muryarta ta riƙa yi mata baƙunta a kunne. Da ta ga lallashi ba ya ci, sai ta koma halinta. Wata safiya ta sa hijabi ta tsaya a zaure ta ce ba za ta matsa ba sai sun je asibitin sha-ka-tafi na bakin hanya. Tsoron kada masu wucewa su ji ne ya sa ya bi ta.

Malam Zubair, ma'aikacin asibitin, ya taɓa wurin, ya ba da kafso ya ce a shanye a dawo. Aka shanye, ƙullutu ko gezau. Da suka koma, Malam Zubair ya daɗe yana dannawa, fara'arsa ta ragu.

"Baba, gaskiya wannan ya fi ƙarfin nan. Sai babban asibiti a Kano. Za su sa allura su ɗan ɗebi abin da ke ciki su auna. Zai iya zama tarin fuka ne ya sauka a wuya, wannan akwai maganinsa. Zai iya zama wani abin daban. Amma ko mene ne, a gano shi da wuri ya fi."

"Allura," in ji Malam Mumini.

"Ƙarama ce, Baba."

"To, madalla. Allah ya saka da alheri."

Duk wanda ya san Malam Mumini ya san in ya ce "to, madalla" da wannan murya, magana ta mutu ke nan. A hanyar dawowa ya ce wa Hure yaron kirki ne, amma yara ba su san kaluluwar manya ba. Za a je Kano, me zai hana, a bari dai a yi maimai, noma na biyu.

Aka yi maimai. Ya ce gyaɗa na son huɗa. Ta ce in kuɗin mota da na asibiti ne, ga akuyoyinta nan a ɗaure, a kai su kasuwa. Ya ce wa ya yi maganar kuɗi? Ta sa aka kira mata autarsu Raudatu, wadda ke aure a Dawanau, ta ce ta yi wa ubanta magana. Raudatu ta yi kuka a waya, ta ce ɗaki na nan a share, su zo kawai, mijinta zai kai su. Malam Mumini ya yi ta sa mata albarka, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi farashin wake, ya miƙo wa Hure wayar yana murmushi. Ji ta yi kamar ta jefa wayar a tukunyar kalwa.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ya faɗa. Da zai ɗaga murya, da ta san inda za ta kama. Amma mutum ne da za ka yi ta zuba masa magana, ya yi ta gyaɗa kai, in ka gama ya ce gaskiyarka ce, ya ɗauki fartanya ya fita. Ga shi tana gani da idonta wando ya fara yi masa yawa, tuwon da yake tashi da malmala biyu yanzu ɗaya ma sai ya rage. Ya kuma ɗauko wata sabuwar ɗabi'a, naɗa hirami a wuya, ko ana zafin da kaza ke buɗe baki. Ya bar gemu ya cika, suma ta taru a kansa. In ta miƙa hannu za ta taɓa wuyan, sai ya kauce ya ce ai kaluluwar ma ta fara sacewa. Tun zuwansu na biyu wajen Malam Zubair bai sake bari wani ya ga wurin ba.

Ranta ya riƙa ɓaci a kan komai. Ta yi faɗa da akuya, ta yi faɗa da itacen da ya ƙi kamawa, ta kori masu sayen daddawa a kan sun cika taɓa kaya. Karo na farko a rayuwarta ta bar kalwa ta zarce a rufe har ta lalace, ta kwashe ta zubar a bayan gida tana tsaki. Haushin mijin take ji, tana kuma jin haushin kanta da ta kasa daina sonsa ko na wuni guda ta huta.

Gero ya yi kai, ya nuna, aka fara gasa tumu. A lokacin ne wata rana da hantsi Mika'ilu Wanzami ya yi sallama a zaure. Shi ne ke yi wa Malam Mumini aski tun suna samari. Hure ta ce daga tsakar gida maigidan ya tafi gona.

"Na sani, wajenki na zo," in ji Mika'ilu ta bayan katanga. "Hure, don Allah laifin me na yi wa Malam? Duk daminar nan bai zauna a gabana ba. In askata ce ta dakushe a faɗa mini. Jiya na tare shi na ce ko gyaran fuska ne ya bari in yi masa, ya zama kamar mai jinya. Sai ya dafe wuya ya ja da baya, ya ce kada in kuskura in kawo ƙarfe kusa da shi. Ni da na yi wa 'ya'yansa askin suna!"

Hure ta ba shi haƙuri, ya tafi. Ta zauna a kan turmi tana juya maganar. Kada a kawo ƙarfe kusa da shi. Kowa a garin ya san maganar da ake yi, cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu a jiki. Haka aka ce da Shafi'i ya rasu ba da daɗewa ba bayan an yi masa aiki a Kano. Sai abubuwa suka riƙa dawo mata. Malam Mumini a kafaɗar hagu yake rataya fartanya tun da ta san shi, bana ya mayar da ita dama. Ran nan da ta zo wucewa da wuƙar yankan kuɓewa, ya karkata kamar ta taho da maciji. Ashe duk watannin nan da take ƙoƙarin ta sa shi ya ji tsoro, ya riga ta jin tsoron. Ita yake yi wa wasan kaluluwa.

Ta jira ya dawo, ya yi wanka, ya yi la'asar, ta ajiye masa fura. Ba ta bari ya kai ludayi baki ba.

"Malam, kaluluwa na tsoron aska?"

Ya dube ta, ya dubi furar.

"Tambayarka nake. Me ya hana Mika'ilu taɓa wuyanka? Me ya mayar da fartanya kafaɗar dama? In kaluluwa ce, allura ba za ta yi mata komai ba, tashi mu je. In kuma ka san ba ita ba ce, to ka daina mayar da ni yarinya."

Ya ajiye ludayin. Ta zaci zai sake cewa gaskiyarki ce.

"Ni na wanke Shafi'i da hannuna, Hure," in ji shi a hankali. "Da ƙafarsa ya tafi Kano. Na ga yadda aka dawo da shi. Ba mutuwar nake gudu ba, kowa da ranarsa. Amma in na je suka taɓa, na kwanta ban tashi ba, wa zai girbe? Ba ki da ɗa namiji. Ina so in ga gero ya shiga rumbu, dawa ta bi shi, wake ya bi ta. Na riga na faɗa wa Liman a gaban shaidu, abincin bana kyauta na ba ki, ba gado ba ne, ba mai raba shi. Ki yi takabarki a zaune a ɗakinki, ba ki roƙi kowa tsaba ba. In an gama wannan, sai su sa allurarsu."

Da wata mace ce da ta fashe da kuka, ta ce Allah sarki. Hure ma hawayen sun zo, amma fushi ya riga su isowa.

"Wato duk daminar nan takabata kake nomawa?"

"Hure..."

"Liman ya ji, shaidu sun ji, ni mai takabar ce ba a shawarta ba! Ni gero na aura? Ka taɓa jin na ce maka yunwa nake tsoro? Dawa sai sanyi ya shigo, Malam. Abin da ke wuyanka ya ce maka zai jira dawa?"

"Ki yi haƙuri. Na riga na yanke."

Ya ɗauki ludayinsa ya ci gaba da shan fura, ko da yake ta ga da ƙyar take wucewa. Ta tsaya a kansa tana huci, ta rasa kalmar da ba ta riga ta faɗa ba. Bakin da duk gari ke shakka ya ƙare a kan mutum ɗaya, bai ko karce shi ba.

Washegari, yana masallaci wajen gaishe-gaishen bayan asuba, ta zagaya bayan rumbu ta ɗauki magirbinsa, wanda ya wasa don fara girbin gero a ranar. Ta ɗaura zani, ta sa hijabi, ta fito. Sai da ta wuce rijiya ta tuna abin dariya a cikin abin haushi: da gaske ba ta san hanyar gonar ba. Ko'ina gero ne ya fi mutum tsawo, hanyoyi sun rarrabu. Tana tsaye tana waige-waige sai ga Aina'u, matar marigayi Shafi'i, da fartanya a kafaɗa za ta tata gonar.

"Yaya Aina'u, nuna mini gonar Malam."

Aina'u ta dubi magirbin, ta dubi Hure, ta dafe ƙirji. Hure ta faɗa mata komai a tsaye, ba ta rage ba. Aina'u ta wuce gaba ta ce ta biyo ta. Suna tafe cikin raɓa ta yi magana ba tare da ta waiwayo ba.

"Suna ta cewa ƙarfe ne ya kashe maigidana. Ni da na yi jinyar ba wanda ya tambaye ni. Damina biyu yana ɓoye abin nan a cikin riga. Ranar da ya yarda aka tafi, ai ya riga ya gama cin sa. Gidansu haka suke, Hure. Ga gonar nan, mai ɗorawa a tsakiya."

Ashe wannan ce ɗorawar da yake kawo mata kalwarta kowace shekara. Hure ta tsaya ta dubi gonar, kunya-kunya a miƙe, ba ciyawa ko ɗaya, geron ya sunkuyar da kai don nauyi. Kyan gonar ma haushi ya ba ta. Ta sunkuya ta kai wa karan farko sara, magirbin ya goce ya kusa samun ƙafarta. Ta sake. A sara na uku karan ya kwanta.

Gonar a bakin hanyar kasuwa take. Rana ba ta yi nisa ba sai ga Abdulkabir Dillali, wani dattijo daga ƙauyen gaba, a kan keke. Ya san gonar, ya san mai ita. Da ya ga mace a ciki tana girbi, sai ya taka birki ya sauka, ya cire takalmi ya tsuguna a bakin iyaka.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Baiwar Allah, ashe haƙuri aka yi? Wallahi ba mu ji ba. Yaushe Malam Mumini ya rasu?"

Hure ta miƙe ta share gumi. "Tukuna dai," in ji ta. "Yana kan shiri."

Dattijon bai gane ba, ya ɗauka ruɗewar rashi ce. Ya yi addu'a ya hau kekensa, ya ce ba zai wuce bai yi wa 'yan'uwa ta'aziyya ba. Daga baya aka ba ta labarin yadda ya shiga gari yana salati, mutane suka biyo shi, ya isa ƙofar gidan ya tarar da mamacin a tsaye yana tambayar wa ya ga magirbinsa. An ce keken ma sai da ya faɗi.

Ba a jima ba ta hango su tafe, Malam Mumini a gaba da hiraminsa, bayansa Mika'ilu Wanzami da Liman da maza da dama. Tun da take da shi ba ta taɓa ganin yana sauri ba sai ranar. Ya tsaya a gabanta.

"Ajiye. Wuce gida."

"Ba takaba kake shirya mini ba? To ni ma shiri nake." Ba ta rage murya ba, so take kowa ya ji. "Geron bana zai ƙare, Malam. Baɗi fa? Wa zai noma mini na baɗi? Gara in koya tun kana raye, ka nuna mini inda nake kuskure. Ga shi ma ko riƙon ban iya ba."

Ta nuna masa tafin hannunta, ya yi ja, ya fara tashi. Sannan ta juya wajen mazan.

"Ku kuma da kuke zama da shi kullum, ba wanda ya tambayi abin da ya sa mutum ke naɗa hirami a wannan zafin? Ƙullutu ne a wuyansa tun ruwan shuka. An ce ya je Kano a auna, ya ce sai ya cika mini rumbu. Malam Liman, kyautar da ka shaida, geron takabata ne."

Liman ya sunkuyar da kai. Mika'ilu ne ya fara magana, ya ce haba Malam, wannan gonar ai in aka kira gayya ba za ta kai azahar ba, dawa da wake ma in lokacinsu ya yi ba za a bar su a tsaye ba, sai ka ce ba a cikin mutane kake zaune ba. Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Malam Mumini bai dubi kowa ba. Ya karɓi magirbin daga hannunta, ya riƙe shi can nesa da jikinsa, ya juya ya nufi gida. Abin alfaharinsa guda ta rushe masa a gaban jama'a, ta kuma san ta rushe.

Ranar bai ci abincinta ba, bai yi mata magana ba. Ita kuma da fushin ya lafa sai tsoro ya maye gurbinsa. Domin gaskiyar magana, Hure ma a garin nan aka haife ta, da maganar daji da ƙarfe ta girma. Ta yarda da Aina'u, ta yarda da Malam Zubair, amma can ƙasan ranta akwai inda bai gama yarda ba. In aka sa allurar ya kwanta bai tashi ba, gari zai ce bakinta ne ya kai shi, ita ma za ta faɗa wa kanta haka har ta mutu. In kuma ta yi shiru, tana kallo zai narke. Ta rasa wanda ya fi sauƙi, ta yi ta jan carbi tana ɓata lissafi.

Da gari ya waye tana hura wuta, sai ta ji wani sauti daga zaure, shaf, shaf, shaf. Ta san shi, ƙarar wasa aska ce a jikin fata. Ta ji muryar Mika'ilu yana cewa bismillah, a ɗan ɗaga haɓa. Ta tsaya da itace a hannu har hayaƙi ya cika mata ido, ba ta motsa ba.

Da ya shigo tsakar gida, kansa fes, gemu a gyare, hiramin a hannu, sai ta ga wuyan a hasken rana. Abin ya kai ƙwan zabo, ya ture fatar ta yi sheƙi, ga wani ƙarami ya fito a ƙasansa. Duk watannin nan da take ta faɗa, da ƙwayar gurjiya take faɗa. Ba ta san gurjiyar ta daɗe da wucewa ba. Ta yi ta fatan ranar da za ta yi nasara a kansa, ga ranar ta zo, ta ji da ma shi ne mai gaskiya.

"To, ga shi ƙarfe ya taɓa," in ji Malam Mumini. "Ɗauko hijabinki. Ki kira Raudatu ki ce muna hanya."

Hure ta shiga ɗaki ta fito, ta miƙa hannu za ta naɗa masa hiramin.

"Bar shi," in ji shi. "Ai kin riga kin faɗa wa gari."

Suka fito. Maza sun fara taruwa a bakin masallaci da magirbai, za su gayya. Tun ranar da aka kawo ta gidan nan, in za su fita tare a bayansa take tafiya, kamar kowace mace a garin. Yau da ta ga idanu sun juyo, sai ta ƙara sauri ta zo daidai kafaɗarsa ta hagu, ta shiga tsakanin wuyansa da mutane. Bai ce ta koma baya ba. Haka suka tafi har bakin titi.